Na kwafi tsohon zanen gidan tarihi na gyara mata fuska: sata na yi ko ɓarna?

Wata ƙanwarmu da ke koyon zane a iPad ta aiko da tambaya haɗe da hoton aikinta. Ta kwafi sanannen zanen nan na Johannes Vermeer, na yarinyar da ta ɗaura ɗankwali shuɗi da rawaya ta waiwayo, ɗan kunnen lu'ulu'u na reto a kunnenta. Da ta ɗora a Instagram sai baki ya rabu uku. Wasu suka ce satar fasaha ce, wasu suka ce tata ta fi ta asali kyau, malamin da ke duba mata aiki kuma ya ce ta ɓata zanen. Tana so ta san wa ke da gaskiya, kuma ko laifi ne mai zane ya daidaita tsohuwar fuska da abin da ake kira kyau a yau.

Ƙanwata, bari mu fara sallamar masu cewa sata, don tasu ba ta da wuya. Tun da aka buɗe gidan tarihi na Louvre a Paris a 1793 ake barin masu koyo su kafa allonsu a gaban manyan ayyuka su kwafa, kuma har gobe ana ba da wannan izini. Sharaɗin shi ne girman kwafin ya bambanta da na asali, kuma kada a kwaikwayi sa hannun mai zanen, don kada wani ya wayi gari ya sayar da shi da sunan na gaske. Edgar Degas ya yi rajista a can a matsayin mai kwafi a 1853, yana ɗan shekara 18. Rubens ya haura shekara 50, sunansa ya game Turai, amma da aikin jakadanci ya kai shi Madrid a 1628 sai ya zauna a fadar sarki yana kwafar zanen Titian ɗaya bayan ɗaya. Van Gogh kuwa, lokacin da yake jinya a asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy tsakanin 1889 da 1890, ya yi zane 21 daga ayyukan Millet, alhali hotunan da ke hannunsa baƙi da fari ne, launin duk daga kansa ya sa. A nan gida ma Aina Onabolu, wanda ake kira uban zanen zamani a Najeriya, da kwafar hotunan littattafai da mujallun Turawa ya koya wa kansa, kafin ya tafi Landan karatu a 1920.

Ta fuskar doka ma babu abin da zai hana ki barci. A Najeriya da yawancin ƙasashen Turai haƙƙin mallakar zane yana ƙarewa shekara 70 bayan mutuwar mai shi, Vermeer kuwa ya rasu tun 1675. Gidajen tarihin da kansu suke rabawa: Rijksmuseum na Amsterdam ya buɗe rumbun hotunansa ga kowa a 2012, Metropolitan na New York ya saki hotuna 375,000 a 2017 ya ce kowa ya yi yadda ya so da su, har da kasuwanci. Inda za ki taka sannu shi ne Italiya. Dokarsu ta kare kayan tarihi ta ce sai da izini da biyan kuɗi kafin a yi kasuwanci da hoton abin da ke gidajen tarihin gwamnati, ko da mai zanen ya shekara 500 a ƙasa. A kan haka gidan tarihi na Uffizi da ke Florence ya shiga shari'a da kamfanin tufafi na Jean Paul Gaultier a 2022 saboda buga zanen Botticelli a jikin riguna. In za ki buga a riga ko kofi ki sayar, ki san daga ina zanen ya fito. In kuwa ɗorawa ce kawai, ki rubuta a ƙasa cewa daga aikin Vermeer kika ɗauko, magana ta ƙare. Ɓarawo shi ne wanda ya ɓoye tushe.

Maganar fuska ce ke da nauyi, kuma a nan ina tare da malaminki rabi da rabi.

Ki buɗe babban hoton zanen daga shafin gidan Mauritshuis da ke Hague, inda yake rataye, ki ajiye shi gefen naki. Ɗan ƙaramin zane ne, tsawonsa bai kai rabin mita ba, an yi shi wajen 1665. Dubi girarta: kusan babu. Ke kin tsara mata gira mai kauri, mai lanƙwasa, irin ta gidan kwalliya. Dubi hancinta da kyau. Vermeer bai ja layi a karan hancin ba ta ɓangaren da haske ya faɗa, launin hancin da na kuncin ɗaya ne, sun narke cikin juna, idon mai kallo ne ke ƙarasa layin da babu shi. Ke kin ja layi biyu, kin tsuke hancin, kin ɗiga masa ƙyalli a tsini. Haɓarta zagayayya ce, taki ta yi tsini. Bakinta a ɗan buɗe yake, leɓen ƙasa da danshi, ga wani ɗigon haske ƙanƙani a gefen bakin. Ke kin cika leɓɓan kin zagaye su da jan layi. Shi kansa lu'ulu'un ba a zana shi duka ba: shafa ɗaya ce ta farin fenti mai kauri a sama, sai wata mai laushi a ƙasa inda farin wuyan rigarta ya haska shi. Ko ƙugiyar da ta riƙe shi a kunne babu. Naki zagayayye ne tsaf, har da sarƙar zinare.

Gashin ido ne kaɗai za ki iya cewa kina da hujja a kansa, ita ma 'yar kaɗan. Binciken da gidan ya yi a 2018 da na'urori ya gano cewa Vermeer ya sa mata gashin ido siri-siri da ido ba ya gani yanzu, kuma bayanta da muke gani baƙi wuluk labule ne kore a da, wanda aka haɗa launinsa da shuni da wani rini rawaya, ya dusashe da tsufa. Amma tsakanin waɗannan 'yan siraran gashi da zara-zaran da kika dasa mata akwai tafiya. Garin neman gira kin rasa ido: abin da ya sa mutane ke tsayawa a gaban wannan yarinya shi ne ba a gama faɗin fuskarta ba, mai kallo ne ke cikewa. Da kika cike ko'ina sai ta zama kyakkyawar yarinya kawai, irin wadda za a wuce a waya a cikin daƙiƙa ɗaya.

Tambayar da nake so ki yi wa kanki ita ce: a cikin waɗannan sauye-sauye, nawa ne kika zauna kika yanke shawarar yi? Na tabbata mafi yawansu hannunki ne ya yi ba tare da ya shawarce ki ba. Na sha gani wajen ɗalibai. A ba su fuskar tsohuwa, ta jariri, ta sarauniyar Sifaniya, ta mai tallar nono, duk su dawo da fuska guda: manyan idanu masu ɗagaggen gefe, ɗan ƙaramin hanci, cikakken leɓe, muƙamuƙi mai kaifi, fata sumul ba ƙofar gashi ko ɗaya. Ba daga sama wannan fuska ta faɗo ba. Manyan idanun daga katun na Japan da na Disney suka gangaro. Sauran daga kayan gyaran hoto ne. Photoshop ya samu abin nan da ake kira Liquify a 2000, wanda ke ba ka damar tura nama kamar danƙo, a 2016 kuma aka koya masa gane fuska, har ya zama da ɗan jan maɓalli ake ƙara girman ido ko a rage faɗin hanci. Facetune ya fito a 2013 ya sa wannan aiki a aljihun kowa. Filtar Bold Glamour ta TikTok ta zo a 2023 tana sake fasalin fuska a bidiyo ba tare da ta goce ba ko an kai hannu. Abin ya kai Faransa ta wajabta tun 2017 a rubuta a jikin hoton talla cewa an taɓa shi in an sauya surar jikin wadda ke ciki, Norway ma ta bi sahu a 2022. Wanda ya taso yana kallon dubban irin wannan fuska kullum, idonsa zai ɗauke ta a matsayin daidai, duk abin da ya saɓa mata kuma ya gan shi kamar kuskuren da ke jiran gyara.

Kada kuma ki ɗauka cewa na da gaskiya tsantsa suke zanawa, mu ne muka zo da ƙarya. Ko kana da kyau ka ƙara da wanka, wannan tsohon karatu ne. Gunkin kan Nefertiti, sarauniyar Masar, da ke Berlin ya haura shekara 3,300. Da aka saka shi a na'urar sikanin irin ta asibiti a 2006, sai aka ga akwai wata fuskar dutse a ƙarƙashin farar ƙasar da aka shafe shi da ita, kuma ta ciki tana da ɗan tudu a karan hanci, da tamoji a gefen baki, ƙashin kuncinta ma bai kai na waje fitowa ba. Masassaƙin ya gyara sarauniyarsa kamar yadda ake yi wa amare yau. Ingres ya zana wata mace a kishingiɗe a 1814, ya ja mata baya har masu suka na zamaninsa suka ce ya ƙara mata ƙashin baya biyu ko uku. Wasu likitoci da suka auna a 2004 suka ce ai biyar ne. Ya san jikin mutum sarai, dogon layin yake so.

Abin da ke sauyawa shi ne inda ake tura gyaran. Nemi zanen wata mata da Rogier van der Weyden ya yi wajen 1460, yana gidan zane na ƙasa a Washington. Goshinta ya tafi har kusan tsakiyar kai, domin matan manya a Turai a lokacin tsige gashin gaba suke yi, su tsige gira, don goshi ya yi faɗi. Shekara 170 bayan nan Rubens yana zana mata masu ƙiba, da ninkin ciki da lotsawar cinya, kuma ba tausayinsu yake ji ba, abin da idonsa ke kira kyau ke nan. A Iran ta zamanin sarakunan Qajar, a ƙarni na 19, kyakkyawa ita ce mai fuska kamar wata da gira a haɗe, har da ɗan gashin baki mai laushi. Kowace daga cikinsu, da za a miƙa wa hannunki yadda yake a yau, sai ya sauko da gashin ta farko, ya tsuke ƙugun ta biyu, ya raba girar ta uku. Kuma fuskar da kike ganin ita ce ƙarshen kyau, jikokinki za su kalle ta su gane shekarar da aka zana ta, kamar yadda muke gane hoton aure na shekarun 1980 daga ɗaurin kallabi.

An ma taɓa yin irin naki a jikin zanen asali, kuma labarin yana da daɗin ji. Gidan zane na Carnegie a Pittsburgh ta Amurka yana da hoton wata mata mai 'yar fuska sumul, wanda jami'ar da ke kula da sashen ta ɗauka jabu ne, har ana shirin fitar da shi daga rumbu. Da aka haska shi da na'urar hoton ƙashi sai ga wata fuskar a ƙasa. Aka kankare fentin sama a hankali, aka baje shi a 2014, sai ga Isabella de' Medici ta Florence, zanen ƙarni na 16: mace babba, mai dogon hanci da faffaɗan goshi da manyan hannuwa, idonta na mai mulki. Wani mai gyara ne a ƙarni na 19 ya mayar da ita 'yar budurwa don ta yi saurin shiga kasuwa, har ya shafe wani ɗan tulu da take riƙe da shi. A Ingila ma a 2023 an wanke zanen Diana Cecil na 1634 da ke gidan Kenwood a Landan, aka tarar wani ya cika mata leɓɓa, ya sauko mata da gashi don ya rage goshin. Duk wanda ya ga hotunan kafin da bayan wankin zai ce ta asalin ta fi rai. Su ma masu gyaran sun yi imani alheri suke yi mata.

Bambancinki da su shi ne ke ba ki taɓa na asali ba. Yarinyar Vermeer tana nan a bango lafiya lau, ko mutum miliyan ya sa mata gira. Shi ya sa na ce rabi nake tare da malaminki: ba zanen kika ɓata ba, darasin kika ɓata. Yaron tela da aka ba tsohuwar riga ya farke don ya ga yadda aka yanka ta, in ya mayar da ita da irin yankan da ya saba, ya samu riga amma bai ƙaru da komai ba. Duk wurin da hannunki ya ji ƙaiƙayin gyarawa, nan ne daidai inda mai zanen ya san abin da ba ki sani ba tukuna.

Saboda haka in koyo kike so, ga yadda nake sa ɗalibai su yi. Ki ɗauko hoton daga shafin gidan tarihin da kansa, kada ki ɗauka daga Pinterest, don waɗancan an sha ƙara musu launi da kaifi har sun tashi daga kamanninsu. Ki ajiye shi a gefe, kada ki sa shi a ƙarƙashin leyarki, wato shimfiɗar da kike zane a kanta a manhajar, ki bi layi. Ki fara da baƙi da fari da toka-toka kawai, da babban buroshi, ki hana kanki zuƙo hoton kusa har sai kin gama raba inda haske yake da inda inuwa take. Kada ki tsinci launi daga hoton da abin tsinta, ki haɗa da idonki, daga baya ki tsinta ki ga nisan da ke tsakani. Za ki sha mamakin yadda inuwar fatar da kika rantse ruwan ƙasa ce take fitowa kore-kore ko toka. In fuskar ta fara rinjayarki, ki juya hotunan biyu kai a ƙasa ki ci gaba a haka, domin ƙwaƙwalwa in ta daina ganin mutum sai ta koma ganin siffa da tazara. Ki auna da alƙalaminki: daga gashi zuwa gira nawa, daga gira zuwa ƙasan hanci nawa, faɗin ido sau nawa zai shiga faɗin fuska.

Sai babban matakin, wanda yawanci ake tsallakewa. In kin gama, ki ɗora na asali a kan naki, ki dusashe shi rabi, ki buɗe sabuwar leya ki zagaye da ja duk inda suka saɓa. Ki yi haka da zane daban-daban, na maza da mata, tsofaffi da yara, ki jera jajayen alamomin. Za ki ga ba a warwatse suke ba, duk gefe guda suka karkata: kullum ido ya ƙaru, kullum hanci ya ragu, kullum haɓa ta tsuke. Wannan ita ce fuskar da ke zaune a hannunki. Ba sai kin kore ta ba, amma daga ranar da kika san kamanninta ke za ki riƙa kiranta in kina so, maimakon ta riƙa shigowa ba sallama.

Ki kuma sani cewa abin da kike kwafa ba lallai ne ya zama abin da mai zanen ya bari ba. Banish ɗin da ake shafawa a saman fenti yana yin rawaya da tsufa, wasu launuka suna gudu. Mona Lisa ta Louvre yau rawaya-rawaya take, ba gira. Amma a gidan Prado na Madrid akwai kwafinta da ake ganin wani almajirin Leonardo da Vinci, mai zanen na asali, ne ya yi a gefen maigidansa lokacin da ake zana ta. Da aka wanke shi a 2012 sai ga sararin sama shuɗi, hannun riga ja, da siririyar gira. Kwafin da aka yi da amana ya adana abin da na asali ya rasa.

Akwai kwafi na biyu, wanda ba don koyo ake yinsa ba, don mayar da magana ake yi. A nan kina da 'yancin sauya komai, in dai kin san abin da kike faɗa. Picasso ya yi jerin zane 58 a 1957 yana wargaza zanen Velázquez na 'yar sarki da kuyanginta yana sake haɗawa. Kehinde Wiley, Ba'amurke wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ɗauki zanen Napoleon a kan doki a 2005, ya sauke Napoleon ya ɗora baƙin saurayi da kakin soja da takalmin Timberland, kuma duk wanda ya gani ya san tambayar da ake yi masa: wa aka saba ɗorawa a kan wannan doki? Wata 'yar Italiya, Anna Utopia Giordano, ta bi tsofaffin zanen Venus, gunkiyar kyau ta Romawan da, ta rame su da Photoshop da gangan, ta jera su kusa da na asali, don mutane su ga abin da mujallun yau za su yi musu. Aikinta da naki kayan aiki ɗaya ne, tsukewa ɗaya ce. Ita ta san tana yi, kuma shi ne maganar tata.

Inda babu magana kuwa, sakamakon kan zama abin dariya ko na faɗa. A 2023 ma'aikatar yawon buɗe ido ta Italiya ta fitar da tallan da aka ware wa Yuro miliyan 9, inda aka mayar da Venus ta Botticelli 'yar gayun intanet, tana cin fiza tana ɗaukar kanta hoto, 'yan ƙasar suka yi ta yi musu ba'a. A shekarar ne kuma aka ba da aron yarinyar taki zuwa baje kolin Vermeer a Amsterdam, sai Mauritshuis ya nemi jama'a su aiko da nasu don cike gurbin. Aka samu kusan 3,500, wasu da masara, wasu da maɓallai, wasu da kyanwarsu. Cikin biyar da aka buga aka rataya har da wanda Julian van Dieken ya haɗa da ƙirƙirarriyar basira ta Midjourney, masu zane da hannu suka yi ca. Ni abin da ya tsaya mini ba rigimar ba ce, fuskar ce: sumul, daidai wa daida, irin ta tallan man shafawa. Injin ya koyi kyau daga miliyoyin hotunan intanet, sai ya mayar da abin da ya fi yawa a cikinsu. In hannunki ma matsakaicin abin da ya gani yake fitarwa, to kin shiga gasa da abin da ya fi ki sauri kuma ba ya gajiya.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. Fuskar nan ta filta ba ruwanta da faffaɗan hanci, ba ta san wushirya ba, kuma kullum fata sai ta ƙara haske. Mu da mawaƙanmu suka yi ta yabon wushirya da baƙi mai sheƙi, yanzu ɗalibi zai zana kakarsa ya toshe mata haƙora, ya goge tsagar fuskarta kamar datti. Shi ya sa nake so masu koyo su haɗa da fuskokin da suka yi kama da namu. Kawunan tagulla na Ife, da aka tono da yawansu a 1938, da dama daga cikinsu suna da siraran layuka daga goshi har haɓa, kuma layukan ne ke nuna tudu da kwarin fuskar, in aka goge su an goge rabin aikin. Fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia ta Benin, wadda Turawan Ingila suka kwashe a 1897, tana da tsagarta a goshi. Wannan fuska ce alamar FESTAC, bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Legas a 1977, kuma da gidan tarihin Birtaniya ya ƙi ba da aronta, kwafinta aka sassaƙa a nan gida aka yi bikin da shi. Don koyon launin baƙar fata a fentin mai, ki nemi zanen Juan de Pareja da Velázquez ya yi, na 1650, yana Metropolitan. Shi Juan bawan Velázquez ne kuma mai taya shi aiki, daga baya ya samu 'yanci ya zama mai zane. Ki zuƙo goshinsa ki ƙirga launukan da ke ciki: ja, toka, ruwan zuma, har da wani kore mai duhu.

Sai wanda na fi so, Ayuba Suleiman Diallo, Bafulatani malami daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau, wanda aka kama aka sayar a Maryland, ya kuɓuta ta hanyar Landan ya koma gida a 1734. William Hoare ya zana shi a 1733 da farin rawani da farar riga, Alƙur'ani rataye a wuyansa. Wanda ya rubuta tarihinsa a lokacin ya ce Ayuba ne ya dage sai an zana shi da tufafin ƙasarsu, ba na Turawa ba, da mai zanen ya ce ba zai iya zana abin da bai gani ba sai Ayuba ya siffanta masa, ya kuma tambaye shi yadda aka yi wasu masu zanensu ke ƙoƙarin zana Allah da ba wanda ya taɓa gani. Mutumin da ya tsaya haka a kan yadda za a nuna shi, ba daidai ba ne a zo bayan shekara kusan 300 a tsuke masa hanci a wanke masa fata.

Na san aikin kuɗi daban ne. Amarya za ta turo hoto ta ce a ƙara mata haske, a rage kumatu, kuma ita ke biya. Ba na ce ki yi faɗa da abincinki ba. Abin da nake yi shi ne in ƙara hasken da ke faɗa wa fatar, ba in sauya fatar ba, in nuna mata wannan tukuna. Da yawa a nan suke tsayawa, don abin da suke nema a fito da su fes, ba a mayar da su wata ba. Wadda ta dage kuma, fuskarta ce.

Da yawan zanen Turai tsirara ne, kuma babu dole a cikinsu. Batun hukuncin zana mai rai ma malamai sun yi magana a kansa, wurinsu za ki kai shi. Wanda ya zaɓi ya kauce wa fuska gaba ɗaya bai rasa abin kwafa ba: shi Vermeer ɗin yana da zanen wani ɗan lungu a garinsu Delft, jan bulo da farar ƙasa da tagogi, yana Rijksmuseum, kuma darasin haske da ke cikinsa bai gaza na yarinyar ba.

Kada ki goge wanda kika ɗora. Ki sake yin wani a gefensa, wannan karon ba gira, ba layin hanci, lu'ulu'u shafa biyu. Daga nan ki wuce wurin matar van der Weyden ki bar mata goshinta yadda yake. Na uku kuma ki ɗauki tsohon nan na Domenico Ghirlandaio da ke Louvre, na wajen 1490, mai jar riga, wanda ciwo ya kumbura masa hanci ya yi gudaji-gudaji, ga ɗan yaro ya ɗora hannu a ƙirjinsa yana kallonsa. Ki zana hancin da kowane ƙullutu a inda yake, sannan ki turo mini tare da jar leyar da kika zagaye kurakuranki.